RANAR DA TA ƁACE A PASUTZ

Shafi na 17

Masu cewa na daɗe ban saki shafi ba, ku zo ku karɓe ni jinyar Marcelina, ni kuma in zauna in yi ta surutu da waya. Da baki nake faɗa tana rubutawa, in kun ga kuskure ku tuhume ta. Ke kuma da kika ce tsohuwa ta cika masifa, ki bari sai an tozarta mijinki a gaban 'yan makaranta, sannan ki zo mu yi magana.

Don waɗanda suka shigo yau. Mijina marigayi Tat Cipriano shi ya riƙe ƙirgen kwanakin ƙauyenmu Pasutz shekara hamsin. A yarenmu Tat ake ce wa dattijo, Nan kuma dattijuwa. 'Yarmu Marcelina watanta bakwai a kwance, ƙafafu a kumbure, jini na yi mata tsalle a jiki, asibiti sun ce ba su ga komai ba. Gwaggonta Nan Ventura, yayar mijina, ta shafa 'ya'yan minjiryar da take duba da su ta ce kwanaki ne ke kiran ta. Ba za ta tashi ba sai ta karɓi ƙunshin kayan duba na ubanta, ta gaji aikinsa, a kan dutse a ranar da muke kira Zare Takwas. Ranar nan sau ɗaya take zuwa a kwana ɗari biyu da sittin, kuma duk wanda ya kalli Marcelina ya san ba ta da wasu ɗari biyu da sittin a jikinta.

Ranar da zan ba ku labarinta, a ƙirgenmu Kare Bakwai ce, kashegari ce Zare Takwas.

Sai ga Anastasio, malamin makarantar ƙauye, ya ce wa yara Cipriano ya ɓatar da kwana ɗaya. Shi ne na kai shi ƙara gaban dattawa.

Bayan cin abincin rana aka kira mu. An shimfiɗa ɗanyen ganye a ƙasan ɗakin taro, mutane har bakin taga. Tat Baltazar, mai riƙe da sandar gari a bana, ya ɗora ta a kan tebur.

"Pascuala, faɗi ƙararki. A taƙaice, don mun san ki."

"Shekara hamsin ɗin mijina za ka ce in taƙaice?"

"To, faɗi yadda za mu tashi kafin masara ta nuna."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Abu uku nake so. Yaron nan ya je kabarin Cipriano ya durƙusa. Ya janye maganarsa a gaban yaran da ya faɗa wa. Ya sauke wancan kwalin daga bangon makaranta."

Kwalin na hannun Anastasio. Faifai biyu ne masu haƙora, ƙarami da babba, ɗaya na lambobi goma sha uku, ɗaya na sunayen kwanaki ashirin. Wai da shi yake koya wa yara yadda kwanaki ke tafiya. Abin da kakanninmu suka riƙe a ka, shi ya mayar da shi abin wasa mai ƙusa a tsakiya.

Ya miƙe ya cire hula.

"Nan Pascuala, ban taɓa cewa Tat Cipriano maƙaryaci ba ne. Cewa na yi ƙirgen Pasutz yana bayan na kowa da kwana ɗaya."

"In ka ce tukunya na yoyo, ai wanda ya gina ta ka zaga."

"Ba haka nake nufi ba."

"Kai ɗan Micaela, ranar da aka haife ka wa ya hau dutse cikin ruwan sama ya kunna maka kyandir? Wa ya gaya wa uwarka ranarka?"

"Shi ne, Nan. Ya ce mata ni Barewa ne. Shekara talatin da huɗu ina kai wa Barewa kyandir, ashe ni Iri ne."

Wani daga taga ya ce, "Shi ya sa ba ka iya gudu ba."

Wata ta ce, "Irin ma bai tsiro ba, har yau ba mata."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Tat Baltazar ya ƙwanƙwasa sanda.

"Malam, wannan maganar kwana ɗaya ba yau muka fara jin ta ba. Tun muna samari mutanen kwari ke faɗa mana in mun sauka kasuwa. Cipriano ya ba mu amsa tun tuni. A shekarar sojoji an kashe musu masu riƙon kwanaki, suka koma suka ɗauko ƙirge daga takarda. Namu bai taɓa faɗuwa ƙasa ba."

"Na san amsar, Tat. Da ita na girma."

"To?"

"Yau da safe na kira masu riƙon kwanaki na gari bakwai. Wasunsu ba su san juna ba, wasu ma ba yarenmu ɗaya ba. Duk suna kan duwatsunsu tun asuba, hayaƙi na tashi. Sun ce yau ce Zare Takwas."

Na ce, "Gari bakwai na makafi."

"Gari bakwai ba za su ɓatar da rana guda, iri ɗaya, lokaci ɗaya ba, Nan. Amma ba shi ne ya hana ni barci ba."

Ya ajiye kwalin, ya ciro wata takarda daga aljihu.

"Na bi gida gida. Na tambayi kowa ranar da Tat Cipriano ya ba shi, na duba takardar haihuwarsa. Duk wanda aka haifa kafin shekarar sojoji, ranarsa ta yi daidai da ƙirgen garuruwa. Ko mutum ɗaya bai kauce ba. Tat Baltazar, har da taka. Duk wanda aka haifa bayan nan, tasa ta zame da kwana ɗaya."

Dariya ta ɗauke.

"Kafin ku shiga kogon da kuka ɓuya wa sojoji, ƙirgenmu ɗaya da na kowa. Da kuka fito ne ya bambanta. A cikin kogon ranar ta ɓace."

Ya juyo ya dube ni.

"Nan, ke kina ciki. Wa ya riƙe ƙirgen?"

Na cusa hannuna a cikin mayafi.

Yanzu zan gaya muku abin da ban faɗa a shafi goma sha shida ba, ban kuma taɓa faɗa wa mai rai ba. Ku zage ni in kun gama.

Da sojoji suka hau dutsen, kowa ya watse inda ƙafarsa ta kai shi. Mu huɗu muka faɗa wani kogo a bayan rafi: ni, Cipriano, Nan Ventura, da Marcelina tana goye, watanta goma. Kwana na uku zazzaɓi ya kayar da Cipriano. Kafin hankalinsa ya tafi ya zazzage 'yar masarar da ta rage, bai kai cikin tafi biyu ba, ya zuba a jaka ya ba yayarsa. Ni ya ba ni jakar da babu komai.

Ya ce, "Kullum rana ta fito, Ventura ta ba ki ƙwaya ɗaya ki jefa a jakarki. In na tashi zan ƙirga in san inda muke. Ku ci ganye, ku ci ƙasa, kada ku taɓa wannan."

Ventura ta ɗaure tata a ƙugu, ko barci take hannunta na kai. Tawa tana cikin rigata.

Nonona ya ƙafe a mako na biyu.

Ran nan ana ruwa muka ji su a saman kogon. Takalmansu, tarinsu, har wani yana fito. Marcelina ta buɗe baki za ta tsala kuka. Na san abin da wasu mata suka yi da tafin hannunsu a irin wannan lokaci, na kuma san yadda suka fito da goyon da ba ya motsi. Na sa hannu a riga na ɗauko ƙwaya ɗaya, na tauna, na shafa mata a harshe da ɗan yatsa. Ta yi shiru tana tsotsa.

Bayan kwana huɗu suka dawo. Ventura ta tafi ɗibar ruwa, ni kaɗai ce da mara lafiya da jaririya.

Na sake.

Biyu ke nan.

Me ya hana ni roƙon Ventura ta cika min? Ku da ba ku san ta ba ne kuke tambaya. Shekarata goma sha tara a lokacin, in ta yi tari sai in nemi wurin ɓuya. Kullum in ce gobe zan faɗa. Sai Cipriano ya farka, ya zazzage jakata a kan mayafi, ya ƙirga, ya ɗaga kai ya kira sunan ranar yana hawaye. Ya ce, "Ba mu yar da su ba." Na bar shi a haka.

Da mutanen kwari suka fara cewa muna baya da kwana ɗaya, na je bayan gida na ƙirga da yatsuna. Biyu na tauna. Da laifina ne, da kwana biyu za a ce, ba ɗaya ba. Ashe dai masarar ba ta da hannu, wataƙila kakanni sun cika abin da na ci, kuskuren na mutanen kwari ne. A kan wannan lissafin na kwanta shekara arba'in da ɗaya. Da shi na shigo ɗakin nan da ƙarfina.

Saboda haka na dubi Anastasio na ce, "Ni na riƙe. Sai me?"

"Ko akwai wata safiya da aka manta?"

"Kai ka taɓa manta numfashi?"

"Nan, ba faɗa nake nema ba. Tare da Marcelina muka yi tallan wake a kasuwa tana riƙe min hannu. Jiya na je gaishe ta, ba ta gane ni ba. Ku kore ni daga makarantar in kuna so, amma ku hau da ita yau kafin rana ta faɗi. In kuna shakka, ku hau yau, ku sake hawa gobe."

"Rufe mana baki."

Nan Ventura ce. Tana zaune a kusurwa tun farko. Shekararta tamanin da shida, idanunta sun yi fari fat tun shekaru goma da suka wuce, da yatsu take karanta 'ya'yan minjirya. Tun rasuwar Cipriano ita kaɗai ta rage a Pasutz da za ta iya ɗaura wa mutum ƙunshi.

"Ƙunshi ba riga ba ne da za a sa yau a sake gobe. Sau ɗaya ake ɗaura shi. In yau Kare ce na miƙa ta, Kare ne zai karɓa, kuma ba ya mayar da abin da ya kama."

Anastasio ya ce, "In kuma yau ce Zare, Nan, gobe Hanya Tara ce."

Wata mata ta ja numfashi a bayana. Ba sai an gaya wa kowa ba. A ɗauki mara lafiya a miƙa shi ga Hanya, ai tafiya zai yi.

Ventura ta dogara sandarta ta miƙe. Ba ta kai kafaɗar kowa ba, amma har na bakin taga suka cire hula.

"Yaro, ka iya takarda, na ji. Ka ce a kogo rana ta ɓace. To ni ina kogon, kai ko uwarka ba ta san za ta yi ka ba. Jakar masarar a ƙuguna take. Kullum safiya hannuna ne ke ba da ƙwaya. Ban tsallake ko ɗaya ba."

"Na yarda, Nan. Amma..."

"Ban gama ba. Ƙwaya ta taɓa fita daga jakar ƙirge. Gaskiya ne."

Ta nuno wajena da sandarta.

"Wannan da kuke gani, matar ƙanena, ita ta ɗauka. Ranar da ake ruwa, sojoji na kanmu. Ta tauna ta sa wa jaririya a baki. Tana tsammanin ban gani ba. A lokacin idona ya fi na shaho."

Kai ya juyo, kai ya juyo, duk suna kallona.

"Kada wanda ya harare ta. Da ba ta yi ba, da yau babu Marcelina, babu ni, babu wanda zai ba ku wannan labari. Ban ce mata komai ba, don yarinya ce, tsoro ya ishe ta. Da ta yi gyangyaɗi na zaro jakar daga rigarta, na ɗauki ɗaya daga tawa na mayar. Da wannan hannun."

Ta ɗaga shi sama.

"Abin da ya fita ya koma. Ƙanena ya ƙirga jaka cikakkiya. Yau Kare Bakwai, gobe Zare Takwas. Wanda ya ce ba haka ba, ya zo ya gaya min a fuskata."

Ɗakin ya ɓarke. Wata ta rungume ni ta baya tana cewa, "Pascuala, ashe haka kika yi? Ashe ke kika cece su?" Wani tsoho yana share ido da hula.

Ni hankalina ba ya wajensu.

A ƙarƙashin mayafi yatsuna suka fara ƙirga da kansu.

Biyu na tauna.

Ɗaya ta mayar.

Saura ɗaya.

Na sake ƙirgawa. Na sake. Ban yi makaranta ba, amma wannan lissafin ko akuya ta iya shi. Ɗayan da mutanen kwari ke faɗa shekara arba'in, ɗayan da yaron nan ya bi gida gida ya tono, shi ne ƙwayar da na tauna ranar da Ventura ta tafi rafi.

Yau ce Zare Takwas.

Na dubi ƙofa. Hasken rana da ke shigowa ya bar tebur, ya koma kan bango. In ta faɗa bayan dutse, ranar ta sauke kayanta, wata ta ɗauka. Daga gidana zuwa wurin ƙona turare a kan dutse tafiyar awa ɗaya da rabi ce ga mai lafiya. Marcelina sai an ɗaure ta a kujera, maza sun goya ta suna karɓa-karɓa.

Tat Baltazar ya gama raɗa da sauran dattawa, ya ƙwanƙwasa sanda.

"Mun ji kowa. Malam, shaidar wadda ta gani ta fi ta takarda. Gobe bayan an sauko daga dutse za ka je kabarin Cipriano ka durƙusa. Ranar Litinin ka janye maganarka a gaban yara. Wancan kwalin kuma, ba Pascuala ta yi yadda ta ga dama da shi."

Anastasio ya tako har gabana. Ya miƙo min kwalin da hannu biyu. Idonsa ya yi ja.

Ƙasa ƙasa ya ce, "Na karɓa, Nan. Ki yafe min zafin da na sa miki. In kuna neman mai goyon kujera gobe, ina nan."

Kwalin na hannuna. Abin da na zo nema ke nan, duka ukun, an ba ni.

"Yaga shi mana," in ji wata.

"Ki kai gida ki hura wuta, ya yi amfani ko sau ɗaya."

Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Rabin ɗakin nan bayan kogo aka haife su. Kowannensu an ba shi ranar da ba tasa ba. Aurensu, shukarsu, ranar da suka aza harsashin gida, duk a kan ƙirgen nan. Ga Rosenda can da ta binne 'ya'ya uku, kullum tana tambaya me ta yi wa ranarta. Ga Lucio da ƙanƙara ta kashe masa gona shekara biyu a jere bayan Cipriano ya zaɓa masa ranar shuka. Shi kansa Cipriano mun yi masa addu'ar kwana tara a ranar da muka zaci mai kyau ce. Waɗannan da ke rungume ni yanzu, na san abin da za su yi da ni in na buɗe baki. Ba zan ga laifinsu ba.

In na yi shiru kuwa, babu mai sani har abada. Gobe a hau da ita cikin kiɗa da furanni, a miƙa ta ga Hanya.

Mutane sun fara miƙewa. Tat Baltazar ya ɗauki sandarsa. Wata jikar Ventura ta kama hannunta za ta fitar da ita.

"Yaya."

Ba ta ji ba. Na sake.

"Yaya Ventura."

Ta tsaya. "Mene ne kuma? Ba an ba ki gaskiyarki ba?"

"Sau nawa kika mayar?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Sau ɗaya mana."

Ta yi taku biyu. Sai ta tsaya cak. A hankali ta juyo da fararen idanunta wajen da muryata ta fito.

"Pascuala."

"Na'am, Yaya."

"Sau nawa kika tauna?"

Na buɗe baki, iska kawai ta fito.

Na zaro hannu daga mayafi, na ɗaga yatsu biyu.

Tat Baltazar ya gani. Anastasio ya gani. Rosenda ta gani, ta dafe bango. Kowa a ɗakin ya gani, ban da mace ɗaya da za ta iya ɗaura wa 'yata ƙunshi kafin rana ta faɗi.

Ventura ta buga sandarta a ƙasa.

"Me ta ce? Na ji kun yi shiru. Wani ya gaya min me ta ce."